Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 ga 'Yan Ƙungiyarmu Mazauna Garwa-Bulai

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa, maza da mata.

Shekara 11 ke nan da harin 5 ga Disamba 2013, ranar da 'yan anti-balaka, mayaƙan sa-kai masu adawa da Musulmi, suka afka wa Bangi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Daga nan yawancinmu muka bar gidaje da shaguna muka tsallako Kamaru. Ga abin da kwamiti ya yi bana.

Takardun yara ne suka fi cin lokacinmu. Waɗanda aka haifa a hanya ba su da takardar haihuwa, sai jarrabawa ta zo a ce babu shaida. Wata uwa ta kawo mana katin rigakafin ɗanta ƙulle a bakin zane, ruwa ya wanke rabin rubutun, shi ke nan abin da ta tsira da shi. Takardar haihuwar yaron ta fito, alhamdu lillahi. Da saura da yawa.

Sai batun komawa gida. Mun tura wakilai suka bi ayarin manyan motoci daga Beloko da ke bakin iyaka, ta garin Buwar, har Bangi. Kasuwar unguwar Kilomita 5 da ke Bangi ta farfaɗo, amma sun tarar da wasu mutane zaune a gidajen 'yan uwanmu. Da an bar kwalta kuwa, sai shingayen masu bindiga da tsoron nakiya, musamman inda makiyaya ke bi.

Wannan yana ci mana tuwo a ƙwarya. Sojojin Faransa na Sangaris sun zo a 2013 sun tafi a 2016. MINUSCA, rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, tana can tun 2014, 'yan Rasha tun 2018, ga na Ruwanda. An sa hannu kan sulhu tsakanin gwamnati da ƙungiyoyi 14 masu ɗauke da makamai a Fabrairun 2019, amma a Disamban 2020 'yan tawayen CPC suka datse hanyar Bangi, muna kallo motoci suka yi makonni jibge a nan. A ganinmu, babban birni da wuraren haƙar zinariya aka fi tsarewa, mutumin ƙauye sai Allah. Shi ya sa muke roƙon kada magidanci ya kwashi iyali sai ya je ya gani da idonsa.

Kuɗin wata ya tafi kan jana'iza, magani da kuɗin makarantar marayu. Ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla a taron bayan sallar Juma'a. Masu bashi su daure su zo da abin da ya sawwaƙa, duk mai takardar gida ko ta fili a can kuma ya kawo mu ɗauki hotonta.

Sakataren ƙungiya