Mai ciwon dajin maƙogwaro ba kwanciya kaɗai yake buƙata ba

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki, ya zafin garin namu?

Abin da na gani da idona a gidanmu ya sa na rubuto. Yayana anka samu da ciwon daji na maƙogwaro, anka yi mishi gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura a asibiti, kusan sati 7, Litinin zuwa Juma'a ba fashi, ga kemo a kai, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji. Baki ya yi gyambo, miyau ya ƙafe, ko kunu sai da hawaye yake haɗiye shi. Mu kuma don tausayi munka hana shi komai, ko buta ya ɗauka sai Inna ta ce aje ɗan nan, kwanta ka huta, wallahi mutumin da ke ɗora buhun albasa a mota shi kaɗai ya koma sai an kama shi yake tashi daga sujada.

Wata likitar fisiyo ce, wato mai kula da lafiyar gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, ta fahimtar da mu cewa a ramar nan ba kitse kaɗai ke tafiya ba, har da tsoka, ciwon na cin ta, rashin abinci na cin ta, kwanciyar da muke zaton gata ce ita ma tana ƙara cinye ta, kuma ko ƙwai da nono da wake ka cika mutum da su tsoka ba ta dawowa sosai sai an sa ta aiki. Ta sa shi tashi-zauna daga kujera sau 10, ya ɗaga gorar ruwa, ya ja wata roba, sau 3 a sati, in ya saba a ƙara nauyi kaɗan. Ranar da ya fara na ji tsoro, hannunshi rawa yake. Yanzu da ƙafarshi yake zuwa masallaci, Alhamdulillahi.

Daga baya na karanta cewa a Denmak an gwada wanga abu a 2013 kan masu irin ciwon bayan sun gama gashi, sati 12 suna ɗaga nauyi, tsokarsu da ƙarfinsu sunka ƙaru.

Amma kar wani ya ji ya fara da kanshi. Wanda anka yi wa aiki a wuya kafaɗarshi kan yi rauni, wani jininshi ya yi ƙasa ko yana zazzaɓi, sai likita ya duba tukuna.

Roƙona Malam Edita, ku gayyato likitan ciwon daji da na fisiyo cikin shirinku na lafiya su yi bayani da Hausa, a lokacin da iyayenmu mata ke kusa da rediyo, don su ke jinyar.

Naku mai sauraro,
daga Mabera, Sakkwato