Zuwa ga 'yata, kafin ki buɗe littafin Jane Austen

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan karatu na tafiya daidai, na ji an ba ku Pride and Prejudice a wannan zango. Ki karanta shi da biro da takarda a gefe, domin rabinsa lissafin kuɗi ne.

Jane Austen 'yar limamin coci ce, an haife ta a Steventon ta Ingila a 1775, ta rasu a 1817 ba ta taɓa aure ba. Littafin ya fito a 1813 babu sunanta a jiki, kuma fam 110 ta sayar da haƙƙin mallakarsa.

Ki fara rubuta abin da kowa ke samu a shekara: Mista Bennet fam 2,000, samarin attajirai biyu kuwa, Bingley 4,000 zuwa 5,000, Darcy 10,000. Ga inda gizo ke saƙar: 'ya'yan Bennet biyar duk mata ne, gidan Longbourn da gonakinsa kuwa an ɗaure su da sharaɗin cewa namiji kaɗai ke gadonsu. Ranar da maigidan ya kwanta dama, ɗan uwansa Mista Collins zai kwashe komai, uwa da 'ya'ya su tashi da fam 5,000. Mai karatun da ya tsallake wannan sai ya ɗauka matar Bennet zararriya ce kawai. Surutu kam akwai shi, amma tsoronta na gaskiya ne. Ni mijin na fi ganin laifinsa, da ya ƙule a ɗakin littattafai bai yi musu tanadi ba. Charlotte Lucas ma, maƙwabciyarsu mai shekara 27, ido buɗe ta amince ta auri Collins, kada ki yi saurin zaginta.

Babi 61 ne, amma ki fi jimawa a kan 34 zuwa 36. Elizabeth, 'yar Bennet ta biyu, ta ƙi auren Darcy, ya miƙa mata wasiƙa, ta ce ƙarya ce, sannan ta sake karantawa tana auna maganar Wickham, sojan da ya ɓata mata sunan Darcy. Daga haɗuwa ya zazzage mata cikinsa, alhali baƙuwa ce. Ya ce ba ya shakkar Darcy, amma bai leƙa rawar da Bingley ya shirya a gidansa na Netherfield ba, inda Darcy yake. Babu wanda ya san asalinsa a garin, kuma ta kasa tuna alheri ɗaya da ya taɓa yi, sai fara'a da zaƙin baki. Darcy kuwa adadi ya kawo: fam 3,000 da Wickham ya karɓa daga hannunsa, da yunƙurin guduwa da Georgiana ƙanwar Darcy mai shekara 15 saboda fam 30,000 ɗinta, ya kuma ce a tambayi ɗan uwansa Kanar Fitzwilliam. Duk wanda ya zo zance wurinki, haka za ki auna shi.

Austen da gatse take magana. Jimlarta ta farko ta nuna kamar attajiri ne ke neman mata, alhali iyayen 'yan mata ne ke farautarsa. Ki riƙa cin babi 3 a rana, mako 3 ya ishe ki, kuma ki bar kallon fim ɗin sai kin gama.

Mamanki na gaishe ki.

Mahaifinki