A fitar da masoyan littattafanmu daga falo

Assalamu alaikum Malam Edita. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka, tare da roƙon ɗan fili a shafin adabi.

Kwanakin baya na tsinci wani littafin Turanci a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a Sabon Gari. Bangonsa ya yage, takardun har sun yi ja, amma tun bayan Isha'i da na buɗe shi ban ajiye ba sai da na ji kiran assalatu. Labarin wata budurwa ne a jihar Texas ta Amurka, wadda ta gaji gonar kiwon mahaifinta da bashi a kai, ga shanu kuma suna ɓacewa cikin dare. Ta ɗauki wani baƙo aikin kula da garken. Zuciyarta tana son sa, hankalinta yana zarginsa.

Kiwon can ba na yawo ba ne. Fili ake killacewa da waya mai ƙaya, wani ma sai an wuni ana tafiya a cikinsa, don wata gonar kiwo mai suna King Ranch da aka kafa a 1853 ta haura eka 800,000. Kowane mai gona yana da tambarin da yake yi wa shanunsa lalas da ƙarfe mai zafi, kuma a kan wannan tambarin asirin ɓarawon ya tonu, domin ya yi ƙari a kan lalas ɗin don ya ɓatar da sawu.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne daren da wata karsana ta kasa haihuwa. Ita tana riƙe da fitila, shi ya tuɓe riga ya cusa hannu har kafaɗa yana juya maraƙin. Babu wanda ya ce uffan, amma a nan na san ta yarda da shi. Ƙarshen ne dai bai gamsar da ni ba, an yi gaggawa, mugun ma da bakinsa ya zayyana laifinsa. Wasu shafukan kuma tsallake su na yi, don ba su dace da tarbiyyarmu ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne marubutanmu na Kano. Tun shekarun 1980 suke nishaɗantar da mu, daga bugun takarda har zuwa WhatsApp, kuma ina cikin masu saye. Sai dai yawancin masoyan nasu ba sa fita daga falo, sai ofis, sai Abuja da Dubai. Alhali ga kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a da dillalanta, ga dajin Falgore da ɓarayin shanun da suka addabe shi. Makiyayinmu ba ya buƙatar lalas, kowace saniya ya san ta da suna, ta san muryarsa. Baiwar Allahn da ke kawo mana nono ta taɓa ba ni labarin yadda aka kore musu garke a dare ɗaya, gari ya waye sai dangwali a ƙasa da kukan maruƙa. Tana faɗa tana share ido da gefen mayafi.

Don Allah Malam Edita, ka isar mini da saƙon nan gare su. Duk wanda ya yi niyyar rubuta irin wannan labari, ya fara zuwa ruga ya kwana biyu, ya ji yadda suke magana.

Wassalam.
Wata mai karatu, daga Fagge, Kano.