Wasiƙar godiya ga ofishin taimakon masu amfani da kwamfuta

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri ga shugaban wannan ofishi da dukkan ma'aikatansa, mu masu gyaran kwamfuta da koyar da ita mun ga ya dace mu yi muku godiya a bainar jama'a. Dalili shi ne yadda kuke bi da mutanen da ke zuwa neman foldojin da burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome, ke ɓoye fayilolin wucin gadi (Cache) a cikinsu. Aiki ne da ake rainawa, amma a nan ake yawan yin ɓarna, kuma ku kun riƙe shi da hankali.

Abin da ya fi burge mu shi ne ba ku fara da sharewa. Kuna fara tambayar mutum abin da yake nema: wuri ne ya cika masa a diski, shafi ne ya ƙi sabuntawa, ko wani fayil ne ya ɓace? Mai son wuri ko sabunta shafi kuna sa shi ya danna Ctrl da Shift da Delete a cikin burauzar ya share daga can, babu buƙatar ya leƙa wata folda. Sai mai neman abin da ya ɓace ne kuke shigarwa ciki.

Hanyar da kuke nunawa a Windows ita ce daidai. A danna maɓallin Windows da R don buɗe akwatin Run, a rubuta %localappdata%, sai ga mutum a cikin AppData\Local, wadda take a ɓoye tun asali. Wanda ya fi son ya bi da kansa, a cikin File Explorer, manhajar duba fayiloli, a Windows 10 ya buɗe View ya sa alama a Hidden items, a Windows 11 kuma ya bi View, sannan Show, sannan Hidden items. Daga nan Chrome na ajiye nata a Google\Chrome\User Data\Default\Cache\Cache_Data, Edge kuma a Microsoft\Edge\User Data\Default\Cache. Mun lura kuna sa mutane su rubuta chrome://version a wurin adireshi don su ga ainihin foldar da suke amfani da ita, domin kwamfutar da mutum biyu ko uku ke shiga Chrome a kanta tana da Profile 1 da Profile 2, kuma wanda ya tsaya a Default zai yi ta lalube a foldar wani. Na Firefox ya fi sauƙi, about:cache kan faɗi wurin da kansa, cikin cache2.

Inda gwanintarku ta fi fitowa shi ne tsohuwar ma'ajiyar Windows, wadda burauzar Internet Explorer ke amfani da ita. A zamanin XP da Windows 7 sunanta Temporary Internet Files, daga baya aka mayar da ita INetCache, a ƙarƙashin Microsoft\Windows. Wannan folda ba ɓoyayyiya ce kawai ba, tana ɗauke da alamar fayil ɗin tsarin kwamfuta, saboda haka Hidden items ba ya fito da ita. Sai an shiga Folder Options, a shafin View, an cire alamar Hide protected operating system files. Ko an yi hakan ma, abin da File Explorer ke nunawa a ciki ba shi ne ainihin abin da ke kan diski ba, saboda wani ɗan fayil mai suna desktop.ini da ke sauya yadda foldar ke bayyana. Masu gyara da yawa a nan suke juyawa su ce babu komai. Ku kuwa kuna rubuta shell:cache a akwatin Run, sannan ku ƙara sunan ƙaramar foldar da hannu a ƙarshen adireshin, ko ku buɗe Command Prompt ku ba da umarnin dir /a don komai ya fito fili.

Wani zai ce mene ne amfanin wannan wahala, tunda Microsoft ta daina tallafa wa Internet Explorer 11 tun ranar 15 ga Yuni, 2022? Amsar tana cikin foldar Content.Outlook da ke cikin INetCache. Idan mutum ya buɗe takardar da aka maƙala masa a imel kai tsaye daga tsohon Outlook na kwamfuta, ya yi gyara, ya danna Save ba tare da ya zaɓi wuri ba, sau da yawa a can kwafin da ya gyara yake sauka, cikin wata ƙaramar folda mai suna na haruffa da lambobi barkatai. Washegari ya duba Documents bai gani ba, ya buɗe imel ɗin ya tarar da tsohuwar takarda, hankalinsa ya tashi. Kun san wannan, shi ya sa kuke hana shi kunna duk wata manhajar share shara kafin a duba, kuma kuna jera fayilolin bisa ranar gyara, ku kwashe na ƙarshe zuwa Desktop kafin a buɗe shi. Mutanen da kuka ceto wa aikin wuni guda ta wannan hanya ba za su manta da ku ba.

Muna kuma yaba gaskiyar da kuke faɗa wa masu neman hoto ko bidiyo a ma'ajiyar Chrome. Fayilolin can sunayensu irin su data_0 da data_1 da f_000001 ne, babu abin da ke nuna nau'insu, wasu a matse suke, bidiyo kuma yawanci gutsi-gutsi yake saukowa. Hoto kan samu idan aka kwafi fayil ɗin aka sauya masa suna, cikakken bidiyo da wuya. Ba ku yi wa kowa alkawarin abin da ba zai yiwu ba.

Gargaɗinku guda biyu ma sun cancanci a maimaita su. Na farko, a rufe burauza gaba ɗaya kafin a taɓa foldar, a kuma duba Task Manager da Ctrl da Shift da Esc, don Chrome da Edge kan ci gaba da aiki a bayan fage su riƙe fayilolin. Na biyu, kada a kuskura a share foldar Default baki ɗaya. A cikinta Login Data da Bookmarks da History suke zaune, maƙwabtan Cache ne na kusa, kuma wanda ya share su ya yi asarar kalmomin sirrinsa da alamomin shafukansa in dai bai haɗa su da asusunsa ba.

Masu Mac ma ba ku bar su a baya ba: Command da Shift da G a Finder, a rubuta ~/Library/Caches. Masu Linux kuma Ctrl da H, sannan foldar .cache. Bayan an gama kuna mayar da alamar ɓoye fayilolin tsari yadda take, don kada wani ya ga desktop.ini a kan allonsa ya ɗauka ƙwayar cuta ce ya fara goge-goge.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara basira, Ya albarkaci aikinku.

Naku,
Abokan aikinku masu gyaran kwamfuta da koyar da ita