Ni na kunna masa kaset ɗin, yanzu ni ake jira in je biko

Assalamu alaikum Malam, da kai da masu sauraron wannan shiri. Na daɗe ina jin yadda kake warware wa mutane damuwarsu, yau abin ya zo kaina.

Maganar ƙanena ce, autanmu, ciki ɗaya. Na girme shi da shekara goma sha ɗaya. Lokacin da nake da shagon aski a nan Kaduna, wajen 1999 zuwa 2003, ba abin da ke tashi a shagon daga safe har dare sai kaset ɗin DMX, mawaƙin gambarar nan na Amurka. Lokacin duniya na yayinsa, don a 1998 kaɗai faifai biyu ya fitar, kowanne ya hau saman jerin Billboard na faifan da suka fi kasuwa a Amurka. Da yaron nan ya taso daga Islamiyya sai ya jefar da jaka kan benci, ya ɗauki tsintsiya yana share gashi yana kwaikwayon haushin karen da mutumin ke yi cikin waƙa. Mu yi ta dariya, masu jiran layi su miƙa masa naira biyar.

Wasa-wasa ya girma ya fara tasa da Hausa, kuma tsakani da Allah yana da baiwa. An san shi a unguwanni, ana gayyatarsa biki da wasan ɗalibai, lokacin kamfen wani ɗan siyasa har mota ya ba shi. Ya yi aure, ni na karɓa masa, Allah ya ba su 'ya'ya biyu.

A sitidiyo ya koyi kodin, wai murya ba ta buɗewa sai an jiƙa ta. Da gwamnati ta hana shigo da maganin tarin da haɗa shi a 2018 na ce mun huta, ashe tsada kawai ya yi, ya koma tiramol da rochi. Motar ta tafi. Firjin matarsa ya bi ta. Watan jiya na bi shi sitidiyon da ƙarfe goma sha ɗaya na rana, na tarar da shi kwance kan kafet baki buɗe, abin sauraro na rataye a wuya, robar lemo a gefensa tururuwa sun yanyame ta. Mai wurin ya ja ni gefe ya ce wata uku ke nan bai biya shi ba, kuma waƙa ɗaya suke ta fama da ita tun kafin azumi, baiti biyu sun gagara.

Da ya farfaɗo na yi masa faɗa, sai ya ce, "Yaya, ai wanda ka koya mini jin waƙarsa shi ma yana sha." Na ce to bari in ƙarasa maka labarin. DMX da bakinsa ya faɗa, yana hawaye, cewa yana ɗan shekara 14 wani da ya ɗauka tamkar yayansa ya miƙa masa wiwi da aka cakuɗa da hodar iblis bai sani ba. Daga nan bai ƙara samun kansa ba: yau gidan yari, gobe gidan gyaran hali, a 2018 aka ɗaure shi shekara guda kan kuɗin haraji, a watan Afrilun 2021 ya mutu a asibiti bayan bugun zuciya, yana da shekara 50. Yaron nan ya dube ni ya ce, "Ka ga, shi ma yayansa ne ya kunna masa."

Malam, ban taɓa ba shi ko karan sigari ba. Amma maganar nan ta hana ni barci, kuma tun ranar duk kuɗin da ya roƙa ba na iya cewa a'a.

Matarsa ta yi yaji wata huɗu ke nan, ta tafi da yaran. Mahaifinta, dattijo ne mai kawaici, ya ce ba wanda zai saurara sai ni, tunda a hannuna ya ba da amanar. Kawunmu ya ce a ɗaure shi a kai shi gidan mari, ni kuwa ban manta ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa a 2019 ba, wasu da sarƙa a ƙafa. Na ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Hajiyarmu na fama da hawan jini, har yau abin da ta sani shi ne sammu aka yi wa autanta.

Shin in je bikon in rufa masa asiri, ko in gaya wa surukinsa gaskiya ko da auren zai mutu? Idan na rufe aljihuna, gyara na yi ko tura shi sata? Kuma ta wace hanya ake kai babban mutum mai 'ya'ya biyu wurin likita alhali shi bai yarda yana da ciwo ba? Dattijon ya ba ni zuwa ƙarshen wata.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronka daga Kaduna