Gaisuwar Babbar Sallah daga Jamus

Assalamu alaikum Yaya,

Barka da Sallah, Allah ya karɓi layyarmu, ya maimaita mana. Ka gaishe min da Baba da Mma, ka ce musu gudummawar rago tana cikin momo ɗinka, asusun kuɗinka na waya.

Auta ya ce tun da ya fara karatun haɗa magunguna a jami'ar KNUST ta Kumasi kuke musu a kan aikina na gwada garin magani, wai ka ce gari ai gari ne, me za a gwada a cikinsa. To bari ka ji.

Idan gangar sinadari ta iso masana'anta, ba a taɓa ta sai an gwada. Ana fara da damshi: a auna giram 1 ko 2, a gasa a zafin digiri 105 har nauyin ya tsaya, nauyin da aka rasa shi ne abin da ya tashi. In ruwa zalla ake son sani, sai gwajin Karl Fischer. Daga nan a ɗebi miligiram 3 zuwa 5 a rufe a ɗan kwanon alminiyum da bai fi ƙwayar wake ba, a riƙa ƙara zafi digiri 10 a minti. Farasitamol ɗin da aka saba yana narkewa wajen digiri 169. In ya narke kusa da 157, sinadarin ɗaya ne amma ƙananan ƙwayoyin da suka haɗa shi sun jeru ta wata siga daban, sai a haska shi da X-ray a tabbatar. Kada ka raina wannan bambanci. A 1998 maganin ƙanjamau ritonavir ya ɓullo da sabuwar siga da ba ta narkewa sosai cikin ruwan haɗinsa, dole aka janye kafso ɗinsa daga kasuwa aka sake haɗi.

Mahaɗi ma, wato abin da ake gaurayawa da sinadarin maganin, yana ɓata aiki. Magnesium stearate da ake sawa don kada ƙwaya ta manne a inji bai cika wuce kashi 1 cikin 100 ba, amma in aka daɗe ana gauraya shi sai ya lulluɓe garin, ruwa ya kasa shiga. Ana kama hakan ta jefa ƙwaya cikin ruwa mililita 900 a digiri 37, ludayin inji yana juyi 50 a minti. Farasitamol na ƙwarai, kashi 80 cikin 100 ya kamata ya narke a minti 30.

Yanzu abin da ya shafi shagonka na Aboabo. Maganin da za a kai ƙasashe masu zafi da damshi ana jarraba shi a digiri 30 da damshin kashi 75. Kanta a ƙarƙashin rufin kwano da azahar ta wuce nan. Ka sauko da kwalayen daga saman, ka nisanta su da taga. Kada a ɓare ƙwaya daga ledarta sai lokacin sha, kuma ƴar jakar da ke cikin kwalba ba shara ba ce, damshi take tsotsewa. Asfirin in ya fara warin binega, ruwa ya riga ya karya shi, kada ka sayar. Kayan da ba su da lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana, kuwa, ko ɗan uwa ne ya kawo su daga kasuwar Kejetia, mayar masa.

A ajiye min soyayyen nama, akwai mai zuwa nan bayan Sallah. A gaida su Goggo da yara duka.

Ƙaninka.