Ba duk yaron da ya yi shiru ne miskili ba

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Don Allah a bani dan fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da iyaye da 'yan uwana malamai akan wani abu da ya dade yana ci min tuwo a kwarya.

Ni malamin firamare ne a wani kauye cikin karamar hukumar Ringim. A daminar 2022 da akai ambaliyar nan da ta cinye gonaki da gidaje a Jigawa, akwai wani yaro dan aji uku da nake koyarwa, dakin kasar da suke kwana ya rufta cikin dare, Allah ya fitar da shi da babarsa amma kanwarsa ba ta yi rai ba. Kafin nan yaron nan shi ne sarkin surutu a aji, shi ke fara daga hannu ko bai san amsa ba. Da aka dawo makaranta sai ya zama wani daban, baya magana, baya shiga kwallo, ya koma fitsarin kwance da ya dade da bari, kuma da hadari ya hado ta gabas zaka ga ya kankame benci jikinsa na bari idonsa na kan rufin kwano. A gida kawunsa yace iskanci ne yasa masa dorina, kakarsa tace iska ce ta taba shi aka dinga rubutu da hayaki, mu kuma a makaranta, Allah ya yafe mana, ni da hannuna na taba zane shi saboda na kira sunansa sau uku bai amsa ba. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi min zafi.

Wata rana aka tashi tara ya ki fita, na zauna kusa da shi na bashi takarda da fensir ban tambaye shi komai ba. Sai ya zana daki, da wani dan mutum a kwance a ciki. Nace wane ne wannan? Yace kanwarsa ce, wai shi ne ya ce ta kwanta ta wajen bango don yana son bakin kofa. Wata hudu yaron nan yana dauke da wannan a ransa cewa shi ya kashe ta, kuma duk cikinmu manya babu wanda ya tambaye shi.

Edita abinda nake so mutanenmu su gane kenan. Mun dauka yaro in ya ci ya koshi shikenan, sai kaji ana cewa yaro me ya sani, gobe ma ya manta. Wallahi basa mantawa, baki ne dai basu da shi. Da wanda aka saki uwarsa aka bar shi hannun kishiya, da wanda aka kai shi almajiranci yana shekara shida bai san laifin da yayi ba, da marayun da gobarar tankar mai ta Majiya a Taura ta bari a watan Oktoban 2024 inda mutum sama da 150 suka rasu, an yi ta'aziyya an raba tallafi Allah ya saka, amma wa ya zauna da yaran ya ji abinda suke gani in sun rufe ido?

Ni ban ce a bar addu'a ba, tofi da karatu duk muna yi kuma mun yarda da su. Amma in yaro ya kwashe makonni baya ci baya barci, ko yana firgita, ko yana maganar gara ya mutu, to a hada da asibiti. Akwai asibitin kwakwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano, akwai sashen a asibitin Malam Aminu Kano, kuma kai yaro can ba yana nufin ya haukace bane, wannan kunyar ce take kashe mu. Tun farkon 2023 marigayi Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar kwakwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, sai dai mu nan kauye kudin mota zuwa Kazaure ma aiki ne. Shi yasa nake rokon gwamnatin jiha ta horar da ma'aikatan kananan asibitocinmu da malaman firamare da na islamiyya ko na kwana uku ne, mu san alamomin, mu san inda zamu tura, limamai kuma su taba zancen a huduba don maganarsu ta fi tamu shiga.

Shi yaron nan na samu babarsa muka yi magana, ta rungume shi tana kuka tana ce masa kwana ne ya kare ba laifinka bane. Kawun ma ya ajiye dorina. Bana yana aji shida, har yanzu in hadari ya taso yakan dawo bencin gaba kusa da teburina, ni kuma na fadawa monita kada wanda ya tashe shi.

Naku,
Malamin firamare, daga karamar hukumar Ringim, jihar Jigawa.